Yaƙin Ƙasashen Nesa da Farashin Kasuwar Dole

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata tambaya da ake yawan yi a nan Damagaram, a majalisun hira da tashoshin mota da bakin rumfunan kasuwar Dole. Tambayar ita ce: tun da a ƙasarmu ake haƙo ɗanyen mai, kuma a nan jiharmu ake tace shi, me ya haɗa mu da yaƙin Rasha da Yukren ko rikicin Gabas ta Tsakiya, har ɗan kasuwa zai kafa hujja da su ya ƙara wa buhun shinkafa kuɗi? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsoshi biyu da aka saba bayarwa duk ba su gamsar da ni. Wasu suna cewa yaƙin ne sanadin komai, don haka sai haƙuri. Wasu kuma suna cewa babu ruwanmu da shi, son zuciyar ƴan kasuwa ne kawai. Abin da nake so in nuna shi ne, matatar mai tana kare mu daga sashe ɗaya ne kacal na tsadar, wato farashin da aka rubuta a jikin famfon gidan mai, sauran kuwa yana shigo mana ta ƙofofin da matata ba ta da iko a kansu, kuma waɗannan ƙofofi ne ya kamata hukuma ta sa wa ido tun kafin wani rikicin ya ɓarke.

Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, an gina ta ne domin tace ganga 20,000 a kowace rana, kuma ɗanyen man yana zuwa mata ta bututu daga Agadem a jihar Diffa. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60 cikin 100 na hannun jarinta, gwamnatin Nijar tana da kashi 40, sannan kamfanin SONIDEP ne ke ɗaukar tataccen man yana rarraba shi cikin ƙasa a kan farashin da gwamnati ta ƙayyade. Wannan tsari ya yi mana rana a 2022, kuma adalci ne a faɗi haka. Rasha ta shiga Yukren a ranar 24 ga Fabrairu na 2022, kafin ƙarshen mako na biyu gangar ɗanyen mai ta haura dalar Amurka 120 a kasuwar duniya, ƙasashe da yawa na yankinmu suka ƙara kuɗin mai, amma a nan litar fetur ta tsaya a sefa 540 kamar yadda take tun shekarun baya. Ɗan kabu-kabu da mai adaidaita a Zango ko Sabon Gari sun ci gaba da shan mai a tsohon farashi a lokacin da takwarorinsu na wasu ƙasashe ke kuka.

Gazuwal, wato man dizal, ne ya nuna mana iyakar wannan kariya. A Najeriya an daɗe da cire hannun gwamnati daga farashinsa, saboda haka da kasuwar duniya ta tashi sai ya tashi tare da ita, ya ninka cikin ƴan watanni, alhali a nan yana sefa 538. Duk wanda ya san Maimujiya da Tinkim da sauran hanyoyin da ke tsakaninmu da Daura da Babura ya san abin da irin wannan bambanci ke haifarwa: kayan da ke da araha a wannan gefe kuma yake da tsada a wancan, ba ya zama wuri ɗaya. Manyan motocin maƙwabta suka riƙa cika tankunansu a gidajen manmu, jarkoki suka riƙa tsallaka iyaka, buƙata ta fi ƙarfin abin da matata ke fitarwa, layuka suka bayyana. Gwamnatin wancan lokaci ta dakatar da fitar da gazuwal zuwa waje, daga bisani a ranar 1 ga Agusta na 2022 ta ɗaga farashin lita zuwa sefa 668, ƙarin sefa 130 a dare ɗaya, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma daga fushin wannan ƙari ne haɗakar ƙungiyoyin farar hula ta M62 ta samo asali. A rijiyoyin Agadem babu abin da ya canja, kuɗin tace lita ɗaya a matata ma bai yi irin wannan tsalle ba. Farashin maƙwabci ne ya jawo namu, shi kuma na maƙwabci yaƙin ne ya jawo shi.

Shekara guda bayan haka sai al'amarin ya juya ta ɗaya fuskar. Shekaru da dama babban sashe na fetur ɗin da ake sha a Damagaram da Maraɗi na ƴan ruwa-ruwa ne, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalabe a bakin hanya ƙasa da farashin gidan mai, domin gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi a kansa. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin a ranar 29 ga Mayu na 2023, man kwalba ya daina araha, dubban masu babura da motoci suka koma gidajen mai, nauyin da a da Najeriya ke ɗauke mana ba tare da ta yi niyya ba ya dawo kan matatarmu. A watan Yuli na 2024 hukumomi sun rage farashin fetur zuwa sefa 499, gazuwal kuma zuwa 618, jama'a suka yi murna kuma suna da hujjar yin murna, sai dai ƙarancin fetur da ya addabi garuruwan ƙasar a farkon 2025 ya tuna mana cewa rage farashi a takarda ba ya ƙara ko lita ɗaya a kan abin da matata ke iya tacewa. Ganga 20,000 sun wadatar da Nijar ta 2011 har ana sayar da rara ga maƙwabta, amma tun daga lokacin jama'a sun ƙaru, babura sun cika gari, kuma duk litar da ta gaza dole a sayo ta daga waje a farashin duniya.

Dalilin da ya sa nake nanata maganar gazuwal shi ne, talaka yana biyan kuɗinsa ko da bai taɓa mallakar ko keke ba. Shi ne ke cikin tankin babbar motar da ke ɗauko shinkafa da sukari da siminti, wadda bayan ta iso Yamai daga tashar jiragen ruwa sai ta sake cin kusan kilomita 900 kafin ta sauke kaya a Damagaram. Da shi injin niƙa ke aiki a ƙauyukan da wutar lantarki ba ta kai ba, da shi motar a-kori-kura ke kwaso rake da kayan lambu daga Gidimuni da Matamaye, kuma shi ake zuba wa janareton asibiti da na masu ƙanƙara idan wuta ta ɗauke. A garin da matsalar ruwa ta zama tsohon ciwo kamar namu, inda ake turo ruwa daga nesa, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, duk tangarɗar da ta sami makamashi tana bayyana a famfo, daga famfo kuma ta koma kan kuɗin jarkar da mai ga-ruwa ke kawowa ƙofar gida. Direba ba ya ɗaukar asarar ƙarin sefa 130 a kowace lita shi kaɗai. Yana ɗora ta a kan mai kaya, mai kaya ya ɗora a kan ɗan sari, ɗan sari ya ɗora a kan mai awo, har ta tsaya a kan uwargida wadda ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Akwai wata ƙofa da ba a cika magana a kanta ba, wato darajar kuɗi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya, ba ta gaba ba ta baya, ma'ana duk abin da ya sami yuro ya same mu. Kafin yaƙin, ƙasashen Tarayyar Turai suna samun kusan kashi 40 cikin 100 na iskar gas da suke shigowa da ita daga Rasha, kuma da wannan hanya ta toshe, a daidai lokacin da babban bankin Amurka ke ɗaga kuɗin ruwa, yuro ya faɗi har ya yi kunnen doki da dalar Amurka a watan Yuli na 2022, karo na farko cikin shekara 20, sannan ya ƙara yin ƙasa. A farkon 2022 dalar Amurka ɗaya tana kusan sefa 580, zuwa Satumba ta haura 670. Shinkafar Indiya da Tailan, man girki na Malesiya da Indunusiya, kayan gyaran babur na ƙasar Sin, duka da dalar Amurka ake cinikinsu, saboda haka ko da mai sayarwa a can bai ƙara ko kwabo ba, ɗan kasuwarmu sai ya ƙara sefa kafin ya sami kaya iri ɗaya. Wannan ƙari babu wanda ya sanar da shi a rediyo, amma kowa ya biya.

Game da abinci kuwa, Rasha da Yukren a haɗe suna fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, Yukren ita kaɗai kuma tana fitar da kusan rabin man girkin da ake tatsa daga furen rana. Da aka rufe tashoshin Bahar Aswad, ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba a watan Maris na 2022. Mu ba masu cin wannan mai ba ne, amma da waɗanda suka saba da shi suka rasa, sai suka koma kan man ja da dangoginsa, farashinsu ya tashi, har Indunusiya ta hana fitar da nata na ƴan makonni daga ƙarshen Afrilu. Indiya ta hana fitar da alkama a watan Mayu na 2022, ta hana fitar da karyayyiyar shinkafa a Satumba, sannan a Yuli na 2023 ta faɗaɗa hanin zuwa farar shinkafar da ba basmati ba. Kowace ƙasa ta fara da cikin ƴaƴanta, kuma ban ga laifinsu ba. Mu da muke ƙarshen layi muka gani a burodin da ya ƙanƙance, da taliya da fanke, da kwalbar man da mai ƙosai ke aunawa da tsantseni.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne takin zamani, domin illarsa ba ta bayyana a ranar da farashi ya tashi, sai bayan watanni idan an zo girbi. Takin yuriya daga iskar gas ake yin sa, Rasha kuma tana cikin manyan masu fitar da taki a duniya, ita da Belarus suna riƙe da babban kaso na sinadarin fotash da ake haɗa takin NPK da shi. A watannin farko na yaƙin tan ɗaya na yuriya ya haura dalar Amurka 900, fiye da ninki uku na farashinsa a 2020. Manomin Magarya ko Kance da ke da ƴar gona wadda ta gaji saboda ana nomanta kowace shekara babu hutu, idan buhun taki ya fi ƙarfinsa, ba ya zuwa ko'ina ya kai ƙara. Yana rage abin da zai zuba ne, ko ya haƙura gaba ɗaya ya dogara da ɗan takin gida. Mai lambu a fadama kuma wahalarsa biyu ce, ga taki ga man injin ban ruwa, kuma idan lissafi bai fita ba sai ya rage faɗin abin da zai shuka. Damman da suka ragu a rumbu da kwandunan tumatir da ba su zo kasuwa ba, babu mai rubuta su a cikin asarar yaƙi, alhali daga can suka samo asali.

Da wannan ne za a fahimci abin da ya sa gero ma, wanda ba ya hawa jirgin ruwa, yake tashi. Idan shinkafa da taliya sun yi tsada, gidajen birni suna komawa kan gero da dawa da masara, masu saye su yi yawa a kan tiya ɗaya. Kuɗin dako daga kasuwannin ƙauye ya ƙaru, sannan kasuwarmu da ta Dawanau a Kano tamkar kasuwa ɗaya ce, abin da ya motsa can sai ya motsa nan. Yaƙin kuma ya same mu ne a kan rauni, domin daminar 2021 ba ta yi kyau ba, har hukumomin agaji suka ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.4 a Nijar za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a tsakanin Yuni da Agusta na 2022.

Duk da haka, ba daidai ba ne a rataya wa yaƙin Yukren duk wata tsada da muka sha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma mu a nan da layin Katsina zuwa Gazawa ke ciyar da mu mun ɗanɗana kuɗarmu har zuwa ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Komawar fatake daga hanyar Kwatano zuwa ta Lome da Burkina Faso, mai tsawo da jiran rakiyar sojoji, ta ƙara wa kowane buhu kuɗi. Waɗannan matsalolin yankinmu ne, a yankinmu kuma maganinsu yake. Haka nan akwai abin da ya rage a wuyan ƴan kasuwa: kafin ƙarshen 2022 gangar mai ta sauko ƙasa da dalar Amurka 90, alkama ma ta koma kusa da farashinta na kafin yaƙi bayan yarjejeniyar fitar da hatsi da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka ƙulla a watan Yuli, amma a ganina sauƙin bai iso rumfunanmu da saurin da tsadar ta iso ba. Wanda ya ƙara kuɗi a ranar da ya ji labari a rediyo, alhali kayan da ke shagonsa tun kafin yaƙi ya saye su, ya kamata ya rage a ranar da labari ya canja.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta wuce ba shi ne irin wannan girgiza tana maimaituwa. Dattawanmu suna tuna 1973, lokacin da yaƙin Larabawa da Isra'ila ya sa farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin ƴan watanni, ya haɗu da babban farin da ya halaka dabbobi a Sahel, kuma a cikin wannan ƙunci ne gwamnatin Diori Hamani ta faɗi a watan Afrilu na 1974. A 2024 kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz da ke bakin Tekun Fasha ya bi, kuma tun daga ƙarshen 2023 hare-haren da ake kai wa jirage a Bahar Maliya sun sa da yawansu kewaya Afirka ta kudu, abin da ya ɗaga kuɗin dakon kwantena har a hanyoyin da ba su bi ta can ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma wani sabon al'amari da ya canja lissafin. Tun daga 2024 Nijar ta shiga sahun masu fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka tsara ya ɗauki ganga 90,000 a rana. Ma'anar wannan ita ce, daga yanzu duk yaƙin da ya ɗaga farashin ganga zai ƙara wa baitulmali kuɗin shiga a daidai lokacin da yake rage wa magidanci abin da ke aljihunsa. A ra'ayina, tun yanzu ya kamata a kafa doka cewa idan farashin ganga ya wuce wanda aka gina kasafin kuɗin shekara a kansa, wani ƙayyadadden kaso na rarar zai tafi kai tsaye ga abubuwan da yaƙin ke tsadantawa, kuma a riƙa bayyana adadin ga jama'a. Na farko a cikinsu taki ne, a saye shi da wuri ya iso hannun manomi kafin ruwan shuka, domin takin da ya zo a watan Agusta ya riga ya makara. Sai cika rumbunan OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, a lokacin kaka da hatsi ke da araha, yadda sayarwa a farashi mai rahusa za ta yi tasiri a kasuwa idan bazara ta yi nisa. Sai kuma ajiyar tataccen mai da za ta iya riƙe ƙasa na wasu makonni idan matata ta tsaya domin gyara ko hanyar shigo da kaya ta toshe. Ina kuma ganin duk rijiyar burtsatse da lambun da aka mayar kan hasken rana an fitar da su ke nan daga hannun kasuwar mai ta duniya har shekaru masu yawa, kuma rana ba ta cikin abin da muka rasa a Damagaram.

Ƙayyade farashi a gidan mai yana da amfani, ban ce a daina ba, amma muddin tazarar da ke tsakaninmu da maƙwabta ta yi yawa, wani sashe na rangwamen zai riƙa tsallaka iyaka cikin jarka, kuma jami'an kwastan ba za su iya tsare kowace hanyar daji a kan iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500 ba. Saboda haka ya dace a riƙa buga cikakken bayanin yadda ake haɗa farashin lita, nawa ne na matata, nawa ne na dako da ajiya, nawa ne haraji, nawa ne ribar mai gidan mai, domin idan ranar ƙari ko ragi ta zo jama'a su san dalili da kansu.

A ƙarshe ina da roƙo gare ka, ya Edita. Hukumar SIMA tana tattara farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan a kai a kai, amma alƙalumanta da Faransanci suke fitowa, ba sa isa ga mai awo da mai saye. Da jaridarka za ta ware ɗan gurbi a kowace fitowa ta buga da Hausa farashin tiyar gero da buhun shinkafa da buhun taki da litar mai a kasuwar Dole da Mirya da Magarya da Tanut, ta jera su kusa da farashin gangar mai da canjin dalar Amurka na wannan mako, da mai karatu ya ga da idonsa lokacin da tsada ta taso daga waje da lokacin da aka ƙirƙire ta a gida. Ina fata wakilanku na jihohi za su iya ɗaukar wannan aiki.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Birni, Damagaram.